Tambayoyi da Amsoshi kan Ingancin Finafinan Sarƙaƙiya Masu Motsa Sha'awa da Ake Yi da Ƙaramin Jari

Tambayoyin da ke ƙasa an tattaro su ne daga bakin mutanen da ke yawan cin karo da irin waɗannan finafinai a Gusau da kewaye: masu shagunan tura fim a waya, ɗaliban aikin jarida da aka ba aikin sharhin fim, da iyayen da suka tarar da wani fim a wayar ɗansu ba su san ko mene ne ba. Maganar da ake yi a nan ta inganci ce, wato ko an iya aikin ko ba a iya ba. Hukuncin kallo kuwa na malamai ne, abin da ya shafi doka kuma an taɓo shi a tambaya ta 11.

1. Wane irin fim ne wannan, kuma daga ina ya samo asali?

Fim ne da ake ƙulla labarinsa da igiya uku. Akwai asirin da aka ɓoye, wanda galibi kisan kai ne ko cin amana. Akwai zullumin da ke hana mai kallo sakewa. Sannan akwai sha'awa tsakanin namiji da mace, wadda ita ce tarkon da ke jefa jarumin cikin halaka. Sau da yawa jarumin ɗan sanda ne ko lauya ko likita, wanda aka ɗora wa binciken wata mace, sai zuciyarsa ta rinjayi hankalinsa, ya koma yana kare wadda ya kamata ya tuhuma.

Tushensa yana cikin finafinan laifi na Amurka na shekarun 1940, waɗanda masu sharhi a Faransa suka raɗa wa suna mai ma'anar baƙin fim, saboda duhun hotonsu da duhun halin mutanen da ke ciki. Misalin da aka fi kawowa shi ne Double Indemnity na 1944, wanda Billy Wilder ya ba da umarni: dillalin inshora da matar wani mutum suka haɗa baki su kashe mijin domin su ci kuɗin inshorarsa. A wancan lokacin akwai ƙa'idar tace finafinai mai tsauri da aka fara tilastawa a 1934, wadda ta hana nuna tsiraici, saboda haka da kallo da zance kawai aka isar da sha'awar. Sai da aka maye gurbin ƙa'idar da tsarin rarraba finafinai bisa shekarun mai kallo a 1968 ƙofa ta buɗe.

2. Yana da bambanci da fim ɗin batsa, ko suna ne kawai aka canza?

A tsari akwai bambanci. Fim ɗin batsa ba shi da wata manufa sai abin da yake nunawa, shi kuwa wannan yana da'awar cewa labari ne, yana da farko da ƙarshe da wanda ya yi kisa. Sai dai da'awa daban, cika ta daban, domin da yawa daga cikin masu araha sun ɗauki labarin ne a matsayin mayafi kawai. Yadda ake gane wanda ya cika da'awarsa yana cikin amsar tambaya ta 6. Wannan bambancin na masu sharhi ne, ba ya mayar da tsiraici halal ga wanda addininsa ya hana shi kallo.

3. Me ake nufi da ƙaramin jari a harkar fim?

Ya danganta da ƙasa, domin abin da Ba'amurke ke kira ƙaramin jari zai iya shirya finafinan Hausa masu ɗimbin yawa. Amma a kwatanta finafinai biyu daga Amurka. Basic Instinct na 1992 ya ci kimanin dala miliyan 49, rubutun labarinsa kaɗai an saye shi dala miliyan 3. The Last Seduction na 1994 kuwa, da 'yan wasansa da kayan aikinsa da komai, bai kai kuɗin wancan rubutun ba.

A wurin aiki, ƙarancin jari yana nufin ƙarancin kwanaki. Idan babban kamfani zai kwashe watanni yana ɗauka, ƙarami makonni biyu ko uku yake da su, a gida ɗaya da ofis ɗaya da aka ara, da 'yan wasa biyar ko shida. Fitowar da ta fita ba daidai ba, sau ɗaya ko biyu za a maimaita ta a wuce, domin ranar da aka ɓata kuɗin haya ce da kuɗin abinci.

4. Me ya sa suka yi yawa haka?

Domin ba su da tsada, kuma kwalliya takan biya kuɗin sabulu. Ba a bukatar fasa motoci ko tara sojojin haya. Ɗaki da bindiga ɗaya da mutum uku sun isa. Fatal Attraction na 1987, wanda aka yi da kimanin dala miliyan 14, ya tara sama da miliyan 300 a duniya, Basic Instinct ma ya tara kimanin miliyan 350. Da ƙananan kamfanoni suka ga haka sai suka shiga kwaikwayo, suna kai nasu kai tsaye shagunan hayar kaset da tashoshin talabijin na biyan kuɗi masu nuna su da tsakar dare, ba tare da sun bi ta sinima ba.

Mutanenmu ba baƙi ba ne ga wannan hanyar kasuwa, domin Turmin Danya na 1990 a Kano da Living in Bondage na 1992 a kudu duk a kaset suka isa hannun jama'a. Wanda ya yi zamanin hayar kaset ya san cewa hoton bango ake saye kafin a ga abin da ke ciki. A Indiya ma kasuwar ta buɗe sosai bayan nasarar Murder na 2004, kuma ta wannan ƙofar ce da yawansu suka shigo wayoyin matasanmu (duba tambaya ta 10).

5. Ashe ke nan duk fim mai araha ba shi da kyau?

A'a, kuma wannan ne kuskuren da ɗalibai suka fi yi a sharhinsu, su rubuta cewa fim ya lalace saboda ba a kashe masa kuɗi ba, su ajiye alƙalami. The Last Seduction da aka ambata a tambaya ta 3 an fara nuna shi ne a tashar HBO kafin ya shiga sinima, wanda hakan ya sa jarumarsa Linda Fiorentino ta rasa damar shiga takarar Oscar, amma ƙungiyar masu sharhin finafinai ta New York ta ba ta kyautar jarumar shekara. A ɗaya ɓangaren, Basic Instinct 2 na 2006 ya ci kimanin dala miliyan 70, bai mayar da jarinsa a sinima ba, ya kuma tashi da lambar ba'a ta Razzie a matsayin fim mafi muni na shekarar.

Abin da kuɗi ke saye shi ne lokaci da damar gyara kuskure. Ba ya sayen dalilin da zai sa mace ta kashe mijinta, ba ya sayen zancen da zai zauna a bakin ɗan wasa. Waɗannan a takarda ake yin su tun kafin a kunna kyamara, kuma takarda ba ta da tsada. Saboda haka idan labari ya zo da ɓaraka, a tuhumi marubuci da darakta, a ƙyale mai zuba jari.

6. To, da me zan auna labarin?

Ma'auni na farko shi ne adalci ga mai kallo. Labarin sarƙaƙiya kamar kacici-kacici yake: dole amsar ta kasance cikin tambayar, ko da ba a gan ta da wuri ba. Idan a ƙarshe aka ce direban gidan ne ya yi kisan, ya kamata mai kallo ya tuna cewa a minti na 20 an nuna mabuɗin ƙofar baya a hannunsa, ya ce ashe an yi mini hannunka mai sanda ban lura ba. Fim maras inganci kuwa yakan ɓullo da wata tagwainiyar jaruma da ba a taɓa ambata ba, ko ya ce wanda ya yi kisan mahaukaci ne kawai, wanda ba komai ba ne illa marubucin ya rasa dalili. Ƙarancin 'yan wasa ma yana tona asiri da wuri, domin idan mutum biyar ne a fim, ɗaya ya mutu, ɗaya mai bincike ne, to zaɓin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Gwanin marubuci yakan kauce wa wannan ta hanyar sanar da mai laifin tun farko, ya mayar da tambayar ta koma ko za a kama shi.

Ma'auni na biyu shi ne zullumi. Daraktan Birtaniya Alfred Hitchcock ya taɓa bayyana wa daraktan Faransa François Truffaut bambancin firgita da zullumi da misalin bam a ƙarƙashin tebur: idan ya tashi ba zato, mai kallo ya firgita na ɗan lokaci kaɗan, idan kuwa an nuna masa bam ɗin tun farko alhali masu hira ba su sani ba, zai zauna a ƙage har hirar ta ƙare. Fim mai araha da ya san aikinsa da wannan dabarar yake rayuwa, domin kyauta ce. Wanda bai sani ba sai ya dogara da ƙarar kiɗa da kyanwa mai faɗowa daga saman kabad.

Ma'auni na uku, wanda a ganina ya fi sauran kaifi, shi ne a cire duk fitowar ɗakin kwana a zuci, a duba abin da ya rage. Idan labarin ya tsaya da ƙafarsa, ana gane wa ya yaudari wa da kuma dalili, to fim ne. Idan abin da ya rage minti 40 ne na mutane suna shiga mota suna fita, to da ma ba labarin aka zo sayarwa ba.

7. Akwai alamun da zan gane ingancin aiki tun a mintocin farko?

Akwai, kuma kunne ya fi ido saurin ganewa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A saurari murya: idan tana amsa kuwwa kamar ana magana a cikin randa, ko ƙarar iska tana sauyawa duk lokacin da kyamara ta juya daga wannan fuska zuwa waccan, to ba a kula da sauti ba, kuma wanda bai kula da sauti ba da wuya ya kula da sauran. Daga nan sai haske. Duhu a irin wannan fim ado ne, amma duhun gwani yana barin ido ɗaya ko gefen fuska a fili, yana ɓoye abin da aka yi niyyar ɓoyewa. Duhun wanda ba shi da fitilu kuwa komai yake haɗiyewa. Sai kuma daidaiton kaya tsakanin ɗauka da ɗauka. Na taɓa zama a wani shagon tura fim ana duba wani sabon shigowa a kwamfuta, wani yaro da bai wuce shekara 15 ba ya nuna allo ya ce wa mai shagon, "Yaya, dubi kofin nan, ɗazu ya sha rabi, yanzu ya cika." Aka mayar baya, haka ne kuwa, sau uku kofin yana cika da kansa a cikin hira guda.

Sai dai a yi hattara da ɗora wa fim laifin da ba nasa ba. Fim na minti 90 da aka matse ya koma megabait 200 ko 300 domin ya shiga memori, fitowarsa mai duhu takan farfashe ta zama murabba'ai, sautinsa ya shaƙe. Wannan aikin matsewa ne, kuma ya fi cutar irin waɗannan finafinai fiye da na barkwanci, tunda rabinsu da dare ake yi.

8. Su kuma fitowar ɗakin kwana, suna ƙara wa fim inganci ko suna rage masa?

A mafi yawan masu araha ragewa suke yi, kuma dalilin na aiki ne ba na wa'azi ba. Zullumi gudu yake bukata, su kuwa waɗannan fitowar tsayar da labari suke yi cik na minti huɗu ko biyar, a sa kiɗa mai taushi da labule yana kaɗawa, ba wanda ya faɗi sabon abu, ba asirin da ya tonu. Idan aka dawo, sai mai kallo ya nemi bakin zaren da ya saki. A wasu finafinan ma ana iya kallon agogo a faɗi lokacin da ta gaba za ta zo, alamar cewa ƙidaya aka bi ba bukatar labari ba. Akwai kuma al'adar fitar da fim kala biyu, wanda hukuma ta tantance da wanda ba a yanke ba, na biyun ana tallarsa da abin da aka ƙara masa. Ko Basic Instinct sai da aka yanke masa daƙiƙoƙi kafin ya samu alamar R a Amurka, wadda ke barin yaro ya kalla tare da babba, maimakon NC-17 ta manya zalla, wadda aka ƙirƙiro a 1990.

Akwai ɓangaren da mai kallo ba ya gani, wato halin da 'yan wasa, musamman mata, ke shiga wajen ɗauka. Sharon Stone, jarumar Basic Instinct, ta rubuta a littafin tarihin rayuwarta na 2021 cewa ba a gaya mata gaskiyar abin da kyamara za ta nuna ba a fitowar da ta fi shahara da ita, ko da yake daraktan ya musanta. Daga 2018 HBO ta fara wajabta sa jami'i na musamman mai kula da irin wannan ɗauka domin kare 'yan wasa. Wannan ma kuɗi ne, kuma ƙaramin kamfani mai ƙirga kwanaki (duba tambaya ta 3) shi ya fi saurin tsallake shi.

Cewa ba za a iya ba da labarin sha'awa da ƙazafi ba sai da tsiraici, wannan ba gaskiya ba ne. Alƙur'ani ya fi ƙarfin a kwatanta shi da fim, amma duk wanda ya yi makarantar allo ya san yadda Suratu Yusuf ta kawo ƙofofin da aka kulle, da zargi, da shaida, da rigar da aka yage ta baya wadda ta raba gardama, ba tare da kalma ɗaya ta rashin kunya ba.

9. Me ya sa kusan kullum mace ce muguwar?

Gado ne daga finafinan 1940 da aka ambata a tambaya ta 1, kuma kasuwa ta riƙe shi. Fatal Attraction ma an sake ɗaukar ƙarshensa ne bayan da masu kallon gwaji suka ƙi na farko, aka koma wanda matar gida ke harbe farkar mijinta, shi kuwa mijin da ya fara cin amana ya tsira da iyalinsa. Mai kallo Bahaushe ba ya jin wannan baƙo, tunda ya tashi da labaran kaidin mata da na kishiyoyi. Ga mai auna inganci, tambayar ita ce ko an ba matar dalili da wayo da tarihi irin na mutum, ko kuwa an ajiye ta ne kamar tarkon ɓera. Fim ɗin da bai iya gaya maka abin da take so ba ban da halaka namiji, rubutunsa bai nuna ba.

10. Fassarar Hausa da ake ɗora wa wasunsu tana canza ingancinsu?

Tana canzawa ƙwarai. Mai fassara yakan ƙara barkwanci inda darakta ya bar shiru da gangan, wani lokaci ma ya riga labari, ya kira wata munafuka tun fitowarta ta farko, alhali asirin da aka tanada wa minti na 80 ke nan. Saboda haka bai kamata ɗalibi ya yanke wa zance ko wasan jarumi hukunci daga kwafin fassara ba, domin muryar wani yake ji. Amma fassarar tana da wani amfani da ba a yi niyya ba: idan masu ita suka yanke wuraren tsiraici domin kasuwar Arewa, sun yi wa mai kallo gwajin nan na uku da ke tambaya ta 6 a aikace. Wani fim ɗin ba ka ma lura an taɓa shi, wani kuma sai ka ga ya ƙare kafin shayi ya huce.

11. Ni uba ne a Zamfara. Mece ce matsayar hukuma, kuma yaya zan san abin da ɗana ke kallo?

Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, ita ke tantance finafinai da ba su alamar shekaru, kuma irin waɗannan a rukunin manya ake sa su, wato 18. Jihar Kano tana da tata hukumar tun 2001. A Zamfara kuwa, tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, yaɗa abin batsa lamari ne da Hisba ke sa wa ido, kuma mai shagon da ke tura shi yana jefa kansa cikin haɗari. Sai dai fim ɗin da ya sauka daga intanet ya shiga memori bai bi ta teburin kowace hukuma ba, ba kuma lallai ya zo da alamarsa ba.

Abin da ya fi sauƙi shi ne a rubuta sunan fim ɗin da shekararsa a IMDb, shafin intanet na bayanan finafinai, inda akwai sashen jagorar iyaye da ke lissafa abin da ke ciki na tsiraici da zubar da jini da ashar. Alamar 18 ko R ko NC-17 ta isa gargaɗi. Kada a dogara da suna kawai, domin sunayensu sukan yi kama da na finafinan 'yan sanda, kuma yaro yana iya karɓa a shago da zaton na faɗa ne.

12. Za a iya dogara da makin da ake ba fim a intanet?

Da sharaɗi. IMDb matsakaicin ƙuri'ar masu kallo yake nunawa daga 1 zuwa 10, saboda haka a duba yawan masu ƙuri'ar kafin makin. Maki 8 da mutum 60 kacal suka bayar yana iya zama na ma'aikatan fim ɗin da danginsu. Shafin Rotten Tomatoes kuwa kason masu sharhin da suka yaba yake ƙirgawa, ƙananan finafinai da yawa kuma ba su da isassun masu sharhi balle a ba su maki. Fosta da tallar fim ba shaida ba ne, dalilin yana tambaya ta 4.

13. Ina so in shirya fim ɗin sarƙaƙiya a nan gida da ɗan abin da nake da shi, ba tare da batsa ba. Me zan ɗauka daga wannan salon?

Ka ɗauki tattalinsa. Masu yin sa sun nuna cewa gida ɗaya da mutum huɗu suna iya riƙe mai kallo awa ɗaya da rabi idan kowane ɗayansu yana ɓoye wa sauran wani abu. Christopher Nolan ya yi fim ɗinsa na farko, Following na 1998, da kimanin dala 6,000, baƙi da fari, yana ɗauka a ranakun Asabar saboda 'yan wasansa suna da ayyukansu, kuma sai sun yi ta bita kafin a kunna kyamara domin kada a yi asarar abin ɗauka. A finafinan Hausa namiji da mace ba sa taɓa juna, wanda ya mayar da kai kusan matsayin Billy Wilder a 1944: da kallo da zance da abin da aka ƙi faɗi za ka yi aiki.

Ka fara rubuta ƙarshen, sannan ka koma baya kana dasa alamu uku ko huɗu da mai kallo zai tuna daga baya, kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 6. Rikicin gado, takardar fili da aka sayar wa mutum biyu, ko wayar marigayi da ta ci gaba da karɓar saƙo, duk sun isa asiri. A kasafinka ka fifita makirufo mai kyau a kan kyamara mai tsada, ka ja janareta nesa da inda ake ɗauka da doguwar waya, kuma ka sa mutum ɗaya ya riƙe littafi yana rubuta inda kowane kofi da hula da ɗankwali suke kafin a ce a yanke.